Yadda Ake Rubuta Gajeren Labarin Mai Bincike Mai Zaman Kansa da Ke Yaƙi da Zalunci

Labarin bincike na yau da kullum tambaya ɗaya yake ɗauke da ita, wato wa ya aikata laifin, kuma da zarar an amsa ta labari ya ƙare. Amma idan tauraron labarin mai bincike ne mai zaman kansa, wanda ba ya cin albashin hukuma, kuma abin da ya fito da shi daga gida shi ne an zalunci wani mara gata, to akwai tambaya ta biyu da ta fi ta farko wuyar amsawa: bayan an gano gaskiyar, wa zai sa a yi aiki da ita? Marubucin da ya amsa ta farko ya bar ta biyu wasa ƙwaƙwalwa kawai ya rubuta, domin makarancinmu ya sani sarai cewa sau da yawa kowa a unguwa ya san ɓarawon, abin da aka rasa shi ne mai iya faɗa a gaban manya da hujja a hannu.

Ana danganta farkon gajeren labarin bincike na zamani da marubucin Amurka Edgar Allan Poe a 1841, sannan Arthur Conan Doyle ya ɗaukaka shi a Ingila da gajerun labaran Sherlock Holmes da suka fara fitowa a mujallar Strand a 1891. Sai dai reshen da ya fi kusa da abin da muke magana a kai shi ne wanda ya tsiro a Amurka a shekarun 1920 a mujallar Black Mask, inda marubuta irin su Dashiell Hammett, wanda shi kansa ya taɓa aiki da kamfanin bincike na Pinkerton, suka fito da mai bincike daga falon masu kuɗi zuwa titi, suka haɗa shi da 'yan siyasa da attajirai da jami'an da aka saye. Abin koyi a wurinsu shi ne sun rubuta garuruwansu yadda suka san su, kuma wanda zai rubuta irin wannan labari da Hausa haka ya kamata ya yi da Kano ko Zariya ko Maraɗi.

Mataki na farko: rubuta gaskiyar abin da ya faru kafin ka rubuta labarin

Kafin ka rubuta jimlar farko, ka ɗauki takarda daban wadda makaranci ba zai taɓa gani ba, ka rubuta abin da ya faru daga farko har ƙarshe, da rana da lokaci: wa ya yi, me ya sa ya yi, wa ya gani, wa ya yi shiru, kuma wa aka ɗora wa. Daga ƙarshe ake gina labarin bincike a dawo farko. Wanda ya fara rubutu bai san mai laifi ba, yana fatan zai gano shi a hanya, in ya kai shafin ƙarshe dole ya jawo wani baƙo da ba a taɓa ambata ba ya ɗora masa, kuma makaranci ba ya yafe wannan.

Ka zaɓi zalunci ƙarami wanda gajeren labari zai iya ɗauka. Gonar marayu da baffansu ya sayar kafin a raba gado, matar mamaci da aka hana tumuninta na takaba, fili ɗaya da dillali ya sayar wa mutum uku, jabun magani da ya illata yaro, tsohon ma'aikaci da wani ke karɓar fanshonsa: kowanne daga cikin waɗannan ya isa labari. Ba dole ba ne a yi kisan kai, kuma a ganina ya fi kyau mai farawa ya kauce masa, saboda a al'adarmu yawanci ana binne gawa a ranar da aka rasu, don haka duk dabarun da ake gani a finafinan Turawa na binciken gawa ba su da wurin zama sai da dogon bayani.

Ga misalin da za mu bi har ƙarshe. A wata kasuwar yadi, ana tsakiyar hunturu, aka wayi gari an ce an fasa sito an kwashe dila 12 na shadda, aka kama Baba maigadi, dattijon da ya daɗe yana gadin layin. A takardarka ta sirri kuwa ga abin da ya faru: ƙanen mai shagon, wanda makulli ke hannunsa, shi ya fitar da kayan da rana tsaka kwana huɗu kafin nan, ya sayar a ɓoye don ya cike gurbin kuɗin da ya salwantar, da ya ji yayansa na hanyar dawowa daga Umara kuma zai ƙirga kaya, sai ya yanke kwaɗon da dare, ya koya wa yaron shago abin da zai faɗa.

Mataki na biyu: ƙera mai binciken da mutane za su yarda su yi magana da shi

A nan marubuta da yawa ke zamewa, domin sukan ɗauko mai bincike daga fim ɗungurungum, da ofishi da bindiga da katin shaida, su dasa shi a Fagge. Aikin bincike mai zaman kansa tsohuwar sana'a ce a Turai da Amurka; wani Bafaranshe mai suna Vidocq ya buɗe ofishinsa na bincike a Faris tun 1833. A Najeriya kuwa sana'ar ba ta da irin wannan gindin zama. Dokar kamfanonin tsaro masu zaman kansu ta 1986 ta hana ma'aikatansu riƙe bindiga, kuma a 2024 Majalisar Dattawa ta yi watsi da wani ƙuduri na tsara aikin masu bincike masu zaman kansu, bisa fargabar cewa za a yi amfani da su wajen kutsawa cikin sirrin mutane. Saboda haka tauraronka ba shi da ikon tsare kowa, ba shi da ikon bincika gidan kowa, kuma kamfanin waya ba zai miƙa masa bayanan kiran wani ba. Kada ka ɗauki wannan a matsayin naƙasu. Rashin ikon nan shi ne ke tilasta masa amfani da hankali da sanin mutane, kuma nan daɗin labarin yake.

Ka ba shi sana'ar da za ta bayyana yadda ya san abin da ya sani. Tsohon sajan na 'yan sandan ciki da ya yi ritaya ya san yadda ake rubuta bayani a caji ofis da yadda ake sauya shi. Tsohon magatakardan kotu ya san yadda fayil ke ɓata ya kuma sake bayyana. Ɗan jarida, ko akawun lauya, ko tsohon dillalin filaye da ya tuba, duk za su yi. Ka kuma sani cewa namiji baƙo iyakarsa zaure, ba shi da hanyar shiga cikin gida inda rabin sirrin yake, saboda haka ko dai ka haɗa shi da abokiyar aiki, ko kuma ka mayar da tauraruwar mace tun farko. Dillaliya da mai kitso da ungozoma suna shiga inda sajan ba zai taɓa leƙawa ba, suna jin abin da ba a faɗa a zaure, kuma ba wanda ke ɗaukar tambayarsu a matsayin bincike. Har yanzu wannan fili ne da ba a noma shi sosai ba a rubutun Hausa.

Abu biyu kuma ka daidaita tun yanzu. Na farko, da me yake cin abinci, tunda masu zuwa wurinsa talakawa ne? Idan fanshonsa bai fito ba wata da watanni, to ranar da Alhaji ya tura masa ambulan mai nauyi jarrabawar za ta zama ta gaske, makaranci ya riƙe numfashi. Na biyu, me ya sa zalunci ke ci masa rai fiye da sauran mutane? Jimla biyu sun wadatar: wataƙila a lokacin aikinsa ya taɓa sa hannu a takardar da ta kai mara laifi gidan yari. Kada ka ɓata shafi guda kana ba da tarihinsa. Ka bari abin ya fito a wurin da ya fi ciwo, misali lokacin da ya ga Baba maigadi a bayan kanta babu riga.

Mataki na uku: san dokar da aka taka

Mai yaƙi da zalunci dole ya san haƙƙin da aka danne, kuma marubucinsa ya fi shi buƙatar sani. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a gurfanar da shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kuma cikin kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Sashe na 36 ya ce mutum mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta haramta kama wani a madadin wani, kamar a tsare uwa don ɗanta ya fito, ta kuma haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da dukan wanda ake tuhuma laifi, kuma dokar shaida ta 2011 ta ce kotu ba za ta karɓi iƙirarin da aka samu ta hanyar gallazawa ba. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka. Tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da talaka ke gani da idonsa ita ce gonar da labarinka zai yi noma a ciki.

Ka kuma san ƙofar da kowace ƙara ke shiga. A Arewa akwai dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960, akwai dokokin Shari'a na laifuka da jihohi suka kafa daga shekarar 2000, akwai kotun majistare da kotun Shari'a da babbar kotu. Rigimar gado tsakanin Musulmi kotun Shari'a take zuwa, inda hujja ke kan mai ƙara, rantsuwa kuma kan wanda ya musa. Rigimar fili tana jawo maganar takardar shaidar mallaka da dokar filaye ta 1978, tana kuma jawo mai unguwa da dagaci waɗanda suka shaida ciniki. Idan wanda aka zalunta ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya da aka kafa a 1976. Wanda kuma zai kafa labarinsa a Damagaram ko Tawa kada ya kwafi tsarin Najeriya, domin a Nijar akwai jandarma, kuma tsarin shari'arsu daga na Faransa ya samo asali. Hanya mafi sauƙi ta koyon duk wannan ita ce ka je kotu ka zauna a bencin 'yan kallo safiya guda, ka saurari yadda ake kiran ƙara da yadda ake ɗage ta.

Mataki na huɗu: dasa alamomi

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ya cancanci ka daɗe a kansa. Tun 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya jera ƙa'idoji goma na labarin bincike, kuma uku daga ciki har yau ba su tsufa ba: a ambaci mai laifi tun farkon labari, kada a warware matsala ta hanyar gaibu ko sa'a, kuma duk alamar da mai bincike ya gani a nuna wa makaranci ita. Ta biyun ta fi shafar mu. Mutanen cikin labarinka suna iya zuwa wurin boka ko malamin duba, suna iya yarda aljani ne ya kwashe kaya, domin haka rayuwa take, amma idan mafarki ne ya nuna wa mai bincikenka ɓarawo, to ka bar rubuta labarin bincike ka koma wani nau'in.

Alama uku sun ishi gajeren labari, kuma ka samo su daga rayuwar wurin. Ba ka da ɗakin gwaje-gwaje, amma kana da ƙurar hunturu da laka ta damina, kana da lokutan salla waɗanda suke agogon gari, kana da ɗaukewar wuta, da littafin bashi, da rasit, da saƙon banki a waya, da mai shayi da mai POS da ɗan A Daidaita Sahu waɗanda ke ganin kowa alhali ba wanda ke ganin su. Dabarar ita ce ka ajiye alamar a fili, sannan ka ja hankalin makaranci zuwa wani abu daban. Duba wannan daga misalinmu, inda mai binciken tsohon sajan ne, Alhaji kuma shi ne mai shagon:

Sajan ya tsaya a bakin sito yana tari. Ƙanen Alhaji ya nuna masa kusurwar da ya ce dilolin suke jiya da yamma, yana ta rantsuwa yana nuna yankakken kwaɗo. Sajan ya tsuguna a kusurwar, ya rubuta wani abu da yatsa a kan siminti, ya share da tafin hannu, sannan ya miƙe ya tambaya ko akwai mai sayar da ruwa kusa.

Makaranci zai tafi da maganar kwaɗo da rantsuwa. Sai a ƙarshe zai tuna cewa mutum ba ya iya rubutu da yatsa a kan siminti sai ƙura ta kwanta sosai, kuma wurin da aka ɗauke dila jiya da dare fes ya kamata a gan shi, da shatin dilar a jiki. Ƙurar nan ta kwana huɗu ce. Ka lura ba a ɓoye komai ba, kuma ba a bayyana komai ba.

Alama ta biyu ƙarya ce da ta ci karo da gaskiyar da wani ya faɗa ba da niyya ba. Yaron shagon da ke kwana a rumfa ya ce ya ga fuskar Baba maigadi a hasken ƙwan lantarkin bakin sito. Shafi biyu bayan nan, Sajan na zaune a teburin mai shayi:

"Malam, sanyin bana sai haƙuri. Har ƙarfe nawa kake kaiwa a nan?"

"Wallahi Yallaɓai, tunda taransifoma ta lalace ba na wuce sha ɗaya. Ga duhu ga sanyi, ga ba ciniki."

"Ashe ta daɗe da lalacewa?"

"Yau kwana tara ke nan, wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. A ƙara madara?"

A nan sai ka yi hattara, domin makarancin yau zai ce ai akwai janareta, akwai fitilar sola. Dole ka toshe wannan ƙofa tun da wuri da jimla ɗaya, misali ka nuna dokar kasuwar ta hana barin janareta a kunne da dare saboda gobara. Duk alamar da ka dasa, ka zauna ka yi mata gardama da kanka kafin makaranci ya yi.

Alama ta uku ita ce wadda za a iya ajiyewa a gaban alƙali. A misalinmu, ɗan dakon da ya tura kayan a kura an biya shi ta waya ne, saƙon bankin na nan da rana da sunan wanda ya turo, kuma shi da kansa ya nuna wa Sajan don ya tabbatar masa cewa aikin halal ya yi. Ka ƙara alamar ruɗu guda ɗaya kawai: ɗan Baba maigadi ya biya kuɗin makaranta a makon, kowa ya ce ga kuɗin sata, ashe kwasar adashin mahaifiyarsa ce. Alamar ruɗu dole ta kasance tana da bayani na gaskiya, in ba haka ba yaudara ce.

Mataki na biyar: taƙaita mutane, ka ba kowa abin ɓoyewa

Mutum uku da ake zargi sun isa, huɗu sun yi yawa a labarin da bai kai kalma 3,000 ba. Kowannensu ya kasance yana ɓoye wani abu, ko da bai shafi laifin ba, domin hakan ne ke sa amsoshinsu su yi kama da na marasa gaskiya. Baba maigadi ya ƙi faɗin inda yake tsakanin ƙarfe ɗaya da uku na dare saboda sanyi ya kore shi ya shiga masallaci barci ya kwashe shi, kuma yana tsoron a kore shi daga aiki. Wannan ƙaramar ƙarya ita ta ɗaure shi, kuma ita za ta sa makaranci ya tausaya masa.

Tambayoyin mai bincike su bi al'adar magana. Bahaushe ba ya fara da tambaya, da gaisuwa yake farawa, kuma ba ya ce wa babba ya yi ƙarya; cewa yake yi, "Ranka ya daɗe, wataƙila ni ne ban fahimta ba." Kunya da kara da alkunya kayan aiki ne a hannunka. Matar da ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ko yaron da ba ya ɗaga ido ya kalli maigidansa, shirunsu na iya zama ladabi, yana kuma iya zama tsoro, kuma mai binciken kirki shi ne mai rarrabe su.

Mataki na shida: zubi

Ka buɗe da zuwan mai neman taimako ko da wurin da abin ya faru, kada ka buɗe da bayanin yanayin gari ko tarihin zuri'a. A labari mai kalma 3,000, kashi ɗaya cikin goma ya isa a san wa aka zalunta, rabin labarin ya tafi a bincike, sannan kafin warwara a samu wurin da aka matsa wa mai bincike ya janye, ko da kuɗi, ko da barazana, ko da abin da ya fi su ƙarfi, wato a turo dattijon da yake jin nauyinsa ya ce masa ya bar wa Allah. Idan gasa za ka shiga, ka duba iyakar kalmomi tun kafin ka fara. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, kalma 1,000 zuwa 1,500 ta saba nema, kuma a wannan tsawon alama biyu da mutum biyu kawai za su shiga. Mai ba da labari kuma ya fi kyau ya zama abokin tafiyar mai bincike, wanda ke ganin abin da ya yi amma ba ya jin abin da ke ransa, domin ta haka za ka ɓoye tunani ba tare da ka ɓoye hujja ba.

Mataki na bakwai: fito da gaskiya a inda za ta yi aiki

Yanzu mun dawo ga tambaya ta biyu. Sajan ya san mai laifi, amma ba shi da ankwa. Dole ka zaɓi wurin da gaskiyar za ta fito ta yadda ba za a iya mayar da ita ba: gaban shugabannin kasuwa bayan sallar Azahar, ko zauren hakimi, ko kotu ta hannun lauya, ko gidan rediyo. Ka kawo hujjojin ɗaya bayan ɗaya, ka fara da mai rauni, ka bar mai laifi ya kare kansa da sabuwar ƙarya, sannan ka ajiye wadda ba ta da amsa. Ka guji mai laifin da zai fashe da kuka ya zayyana komai don an harare shi. Mutane ba sa yin haka, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne kawai idan akwai mai bin sa har ƙarshe.

A misalinmu, faɗa na gaske bayan tonon asiri yake farawa. Alhaji ba mugu ba ne, amma ɓarawon ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abin da zai fara nema shi ne a rufa asiri: zai janye ƙara a saki Baba a shiru, a ce an yafe masa. Idan Sajan ya yarda, Baba zai fito amma har ya mutu sunansa ɓarawon da aka yafe wa, 'ya'yansa mata su ji a wurin neman aure. Saboda haka abin da Sajan zai tsaya a kai shi ne a wanke shi a bainar jama'ar da aka tozarta shi a gabansu, a kuma biya shi kwanakin da ya yi a tsare. Ko ƙanen zai je kotu ko ba zai je ba, wannan kai za ka yanke, kuma ni na fi son labarin da nasarar ta zo da farashi: an wanke Baba, amma Sajan ya rasa wani abu, ko ƙanen ya sha da tafiya wani gari. Makaranci ba ya yarda da ƙarshen da komai ya gyaru, ba ya kuma komawa ga marubucin da kullum azzalumi ke cin nasara a wurinsa. Abu ɗaya dai ka kiyaye: kada mai bincikenka ya tara matasa su ɗauki doka a hannunsu, domin wanda ya miƙa mutum ga gungun masu duka ya koma sahun waɗanda yake yaƙa.

Mataki na takwas: gyara da fitarwa

Bayan ka gama, ka ajiye labarin ya huce, sannan ka ɗauko takardarka ta sirri ka bi su tare layi-layi. Ka duba ko lokuta sun dace, ko wani ya san abin da bai kamata ya sani ba a lokacin, ko ka sa wani abu a zamanin da babu shi. Labarin da aka kafa kafin 2001 ba shi da wayar salula a hannun jama'a, kuma wanda aka kafa a birnin Kano bayan farkon 2013 ba zai cika titi da 'yan acaɓa ba, tunda an hana su. Ka karanta wa mutum ɗaya labarin ka tsaya kafin warwara, ka tambaye shi wa yake zargi da dalilinsa. Idan ya gano nan take, ka ƙara lulluɓe alama ɗaya. Idan bayan ya ji ƙarshen ya ce ba yadda za a yi ya gano, ka fito da ɗaya fili.

Idan abin da ya faru da gaske ne ya ba ka labarin, ka sauya suna da sana'a da unguwa ta yadda ba mai nuna wani da yatsa, kada kuma ka jingina laifi ga wani kamfani ko ofishi ko jami'in da ake da shi a zahiri, domin ɓata suna ƙara ce da kotu ke saurara. Hanyar aikata laifi kuma a nuna ta daidai gwargwadon abin da labari ke buƙata, ba dalla-dalla ba. Wanda zai saki labarin kashi-kashi a WhatsApp ko Facebook ko Wattpad ya kammala rubuta shi gaba ɗaya kafin ya saki kashin farko, saboda alamar da aka manta a kashi na ɗaya ba ta dasuwa bayan mutane sun karanta, sannan ya yanke kowane kashi a daidai inda aka yi tambaya ba a kai ga ba da amsa ba.